Kafin ka cire tayar ranfilat daga motarka, fara leƙa cikin but

Duk wanda ya sayi BMW, Mini ko wata Marsandi ta shekarun baya-bayan nan daga cikin motocin gwanjo da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema, ko ba daɗe ko ba jima zai ci karo da wannan tambaya. Tayoyin da motar ta zo da su sun suɗe. Ya je Abossey Okai ko Magazin na Suame, an faɗa masa kuɗin irinsu ya riƙe baki. Sai mai shago ya nuna masa wata taya a gefe, lambarta ɗaya da tasa, kuɗinta kuwa da sauƙi, ya ce masa: "Alhaji, ai taya duk taya ce." To, a ɗaura ko kar a ɗaura?

Na sha jin wannan gardama a bakin gareji da majalisun hira, daga Nima har Aboabo, kuma ni ma na bi ta wannan hanya da tawa motar. Amsata ita ce ana iya ɗaurawa, kuma a irin hanyoyinmu sau da yawa hakan ya fi. Sai dai akwai sharaɗi guda da mutane da yawa ke tsallakewa. Motar da ta zo da ranfilat galibi ba ta da tayar ko-ta-kwana, ba ta da jak, ba ta da sufanar kwance taya. Ranar da ka cire ranfilat, ranar ka cire abin da ke tsaye a madadin waɗannan ukun.

Mece ce ranfilat?

Tayar da muka saba da ita iska ce ke ɗauke da nauyin motar. Da zarar iskar ta fita, gefen tayar ya lanƙwashe, rim ya zauna a ƙasa, tafiya ta ƙare. Ita kuwa ranfilat an ƙara wa gefenta kaurin roba mai tauri daga ciki, ta yadda ko iska ta fita gaba ɗaya gefen zai riƙe motar na ɗan lokaci. Ƙusa na hudata kamar kowace taya. Bambancin kawai shi ne ba ta kwantawa nan take.

Wannan ɗan lokaci kuma yana da iyaka. Abin da yawancin kamfanoni ke bayarwa shi ne tafiyar kilomita 80, a gudun da bai wuce kilomita 80 a awa ba. Idan motar cike take da mutane da kaya, nisan na raguwa, domin robar gefen tana murzuwa tana ɗaukar zafi har ta kai ga rududdugewa.

Gane ta ba wuya, sai dai kowane kamfani da harufansa a gefen taya. Bridgestone na rubuta RFT, Michelin ZP, Continental SSR, Goodyear ROF ko EMT, Dunlop DSST ko ROF, Pirelli kuma yakan rubuta Run Flat ɓaro-ɓaro. A tayoyin BMW za ka ga RSC a cikin da'ira, a na Marsandi kuma MOE. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, to ranfilat gare ka.

Yadda aka yi mota ta rasa tayar ko-ta-kwana

Tunanin ba sabo ba ne. Tun a shekarun 1970 kamfanin Dunlop na Ingila ya fitar da wata taya mai suna Denovo. A 1987 Bridgestone ya yi wa motar Porsche 959 irin wannan taya, sannan a 1997 Chevrolet Corvette ta Amurka ta fito da ranfilat ba tare da tayar ko-ta-kwana ba. Amma BMW ne ya yaɗa ta cikin motocin yau da kullum. Daga 5 Series ta 2003, da 1 Series ta 2004, da 3 Series ta 2005, kamfanin ya mayar da ita abin da yawancin motocinsa ke fitowa da shi. Toyota ma ta ɗaura ta a Sienna mai jan ƙafa huɗu daga 2004 har zuwa 2020, saboda kayan jan ƙafafun baya sun cinye wurin da ake rataye tayar ko-ta-kwana.

Lissafin masu ƙera motar a fili yake. An rage nauyi, an sami ƙarin wuri a but, kuma direba ba zai tsaya a gefen babban titi yana kwance taya motoci na wucewa ta jikinsa a guje ba. Wannan lissafi ya yi daidai da Jamus da Amurka, inda cikin kilomita 80 da wuya ka rasa shagon da ke da irin tayarka, kuma in ta ƙi, ka buga waya a zo a ja motar.

Mu kuma fa? Daga Accra zuwa Kumasi kimanin kilomita 250 ne. Daga Kumasi zuwa Tamale kusan 380. Daga Tamale zuwa Bolgatanga wajen 160. Masu faci suna nan a kowane gari, amma wanda ke da ranfilat daidai lambar motarka a ajiye, wannan sai manyan birane, su ma ba kowane shago ba. Ke nan kilomita 80 ɗin na iya kai ka gari, ba lallai ya kai ka wurin taya ba.

Abin da ya sa mutane ke gudunta

Na farko tsada. Lamba ɗaya, kamfani ɗaya, amma ranfilat ta fi kuɗi, kuma mai sayarwa ya san ba ka da zaɓi da yawa.

Na biyu tauri. Gefen taya na cikin abin da ke shanye gargadar hanya kafin ta kai ga shokazoba. In gefen ya yi tauri, duk ramin da ka faɗa sai ka ji shi a ƙugunka. Abin ya fi muni a motoci masu babban rim da siririyar taya, domin bugun na wucewa kai tsaye zuwa rim. Shi ya sa kanikawa ke yawan ganin rim a tsage ko a lanƙwashe, da taya mai ƙulu a gefe.

Na uku faci. Idan aka yi tafiya da ranfilat ba iska, cikin gefenta na iya lalacewa alhali daga waje sumul take. Saboda haka wasu kamfanoni, irin su Continental da Pirelli, ba sa ba da shawarar a yi mata faci sam. Wasu sun yarda, amma da sharaɗin a cire ta daga rim a duba cikinta, kuma hujin ya kasance a tsakiyar tafin tayar. Ƙusa ɗaya tak na iya sa ka sayi sabuwar taya.

Na huɗu shi ne ɗaurawa da cirewa. Taurin gefenta ya sa tana buƙatar injin cire taya da ma'aikacin da ya san ta. Mai facin bakin hanya da ke aiki da ƙarfe da guduma zai sha wuya, kuma yana iya karce maka rim ko ya karya na'urar auna iska da ke maƙale a bawul.

Akwai kuma wani haɗari da ba a cika maganarsa ba. Ranfilat da ba iska ba ta nunawa a ido, tsaye take kamar lafiyayya. Abin da ke gaya maka ta sace shi ne fitilar gargaɗi a dashbod. Shi ya sa ba a yarda a ɗaura ta a motar da ba ta da wannan na'ura ba. A Amurka doka ta wajabta na'urar a duk sabuwar mota tun daga Satumbar 2007, a Tarayyar Turai kuma tun Nuwambar 2014. Amma mu faɗi gaskiya, motoci nawa ne a garin nan fitilar ke kunne dare da rana har mai motar ya daina ganinta? Wanda ke gudun 120 a kan ranfilat da ba iska, bai kuma sani ba, ya fi wanda ke kan taya ta gargajiya shiga haɗari.

Abin da za ka samu da abin da za ka rasa

Lokacin da na canja tayoyin motata, wata 3 Series ƙirar 2008, bambancin da na fara ji shi ne laushi. Ƙarar hanya ta ragu, ƙananan ramuka sun daina buga ni, kuma na san in na taka ƙusa a Nkawkaw ko Techiman akwai mai facin da zai gyara mini cikin minti kaɗan. Sitiyarin ya ɗan rage kaifi in na karya kwana da sauri, domin an daidaita ƙafafun motar ne da tayar mai tauri, amma bayan 'yan kwanaki hannu ya saba.

Rim ɗin ba ya buƙatar canji. Na BMW yana da wani ƙarin tudu a ciki da ke riƙe bakin ranfilat kar ta zame, kuma taya ta gargajiya na zama a kansa lafiya lau. Shi kansa kamfanin BMW, motocinsa masu ƙarfi irin su M3 da M5 ba da ranfilat yake fitar da su ba, taya ta gargajiya ce da kwalbar ruwan toshe huji da ƙaramin famfo. Don haka canjin ba wani baƙon abu ba ne a wurin motar.

Abin da za ka rasa kuwa babba ne, kar wani ya rage maka shi. In taya ta fashe kana cikin gudu, ranfilat na taimaka wa motar ta tsaya a kan layinta, ta gargajiya kuma na iya fizgar sitiyari. Sannan in abin ya faru da dare a wurin da ba ka son tsayawa, ranfilat na ba ka damar wucewa har ka kai inda akwai haske da mutane. Wannan ba ƙaramar kariya ba ce.

Abin da na gani a hanyar Kintampo

Wata rana bayan Magariba, tsakanin Techiman da Kintampo, na tarar da wata Sienna a gefen hanya. Maigidan na tsaye da fitilar waya, an sauke kaya duka a ƙasa, uwargida da yara na zaune a kan jakunkuna. Rami ne ya yanke masa gefen tayar gaba. Ya ɗaga kafet, ya leƙa ƙarƙashin motar, babu taya babu jak.

Na ce masa: "Malam, da ranfilat ka saye ta?" Ya ce wallahi bai ma taɓa jin sunan ba. Shi dai ya sayi mota da sababbin tayoyi huɗu, har yana murna. Abin da ya faru a bayyane yake. Motar mai jan ƙafa huɗu ce, ta zo da ranfilat da suka suɗe, wanda ya sayar masa ya ɗaura na gargajiya masu sauƙi don ta yi kyan gani, bai kuma ce masa komai ba.

Na fito da tawa tayar ko-ta-kwana, ba ta shiga ba, domin tazarar ramukan noti na Toyota da na BMW ba ɗaya ba ce ko da yake duk biyar-biyar ne. Sai da muka ɗaga motar da jak ɗina, muka cire ƙafar, na kai shi gari da ita, aka samo wata ta gwanjo aka ɗaura, muka dawo. Duk tsawon wannan lokaci iyalinsa na zaune a duhu a bakin daji. Mutumin nan bai yi ganganci ba, ba a gaya masa ba ne kawai. Tun daga ranar, duk wanda ya ce in raka shi sayen mota, kafin in saurari inji sai na buɗe but.

In ka yanke shawarar canjawa

Canja duka huɗun a lokaci ɗaya. Ranfilat da ta gargajiya ba sa lanƙwasa iri ɗaya a kwana ko a birki, don haka haɗa su na sa motar ta riƙa yin abin da ba ka zata ba, musamman a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Ɗaya a dama ɗaya a hagu a layi guda kuwa, wannan kar ma a fara. Motoci masu jan ƙafa huɗu, irin xDrive na BMW da 4Matic na Marsandi, sun fi tsanani, domin in girman tayoyin ya bambanta, giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ce ke shan wahala, kuma gyaranta ya fi kuɗin taya nesa ba kusa ba.

Kar ka kauce wa lambar da kamfani ya ba motar. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda da ke ɗauke da lambar taya da yawan iskar da ake so. Wasu motocin tayar baya ta fi ta gaba faɗi, misali 225/45 R17 a gaba da 255/40 R17 a baya. In haka taka take, haka za ka saya.

Bayan wannan lamba akwai wata ƙarama da harafi, kamar 91V ko 94W, kuma nan ne araha ke cin mutane. Lambar nauyin da taya ɗaya ke iya ɗauka ce: 91 na nufin kilo 615, 94 kuma kilo 670. Harafin iyakar gudu ne: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270. Ko ba ka irin wannan gudu, harafin na nuna yadda tayar ke jure zafi. Kana iya hawa sama da abin da aka rubuta wa motarka, amma kar ka sauka ƙasa. In an rubuta XL, wato mai ɗaukar ƙarin nauyi, nemi XL.

Duba shekarar tayar. A ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na 2021 ke nan. Ƙa'idojin hanya da Ghana ta kafa a 2012, wato L.I. 2180, sun hana tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa, da wadda zurfin zanenta bai kai milimita 1.6 ba, da mai alamar jure zafi ta C. Nemi mai A ko B. Haka nan in ka ga hoton dutse mai tsini uku da alamar ƙanƙara a ciki, tayar ƙasashen sanyi ce, irin wadda motocin Kanada ke zuwa da ita. Robarta na yin laushi fiye da kima a zafin kwaltarmu.

In na'urar auna iskarka a bawul take, gaya wa mai ɗaura tayar tun kafin ya sa ƙarfe. Wasu motocin ba su da komai a bawul, kwamfutar motar ce ke lura da saurin juyawar kowace ƙafa. Ko wace iri ce, bayan an ɗaura an daidaita iska, a sake saita ta har fitilar ta mutu. Tana da amfani ko a taya ta gargajiya.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Yanzu ga babbar maganar. Kuɗin da ka rage wajen sayen taya ta gargajiya ba duka ne riba ba. Wani kaso nasa na tayar ko-ta-kwana ne da jak da sufana, kuma a ranar ya kamata a saye su, kafin motar ta bar shagon.

Cikakkiyar taya da rim irin na motar ita ce ta fi ga mai doguwar tafiya, sai dai tana cin wuri, domin yawancin motocin nan ba a yi musu ramin ajiye taya a but ba. Siririyar nan ta wucin gadi ta fi sauƙin ajiya. Ita ma iyakar gudunta kilomita 80 ne a awa, kuma iskarta ta fi ta sauran yawa, galibi 60 a ma'aunin masu faci. Kowace ka zaɓa, a ɗaure ta tam, kar ta riƙa yawo a but, domin a birki mai ƙarfi tana iya zama makami.

Kar ka karɓi kowane rim don an ce maka na BMW ne ko na Marsandi. Ko a BMW ɗin, tazarar noti ta tsofaffin ƙira da ta 3 Series da ta fito daga 2019 ba ɗaya ba ce. Wani rim ɗin ramukansa sun yi daidai amma yana gogar birki. Hanyar tabbatarwa ɗaya ce: a ɗaga motar a gabanka, a ɗaura shi a gaba, a ɗaura a baya, a juya ka gani da idonka. A nan ne kuma za ka gwada jak ɗin, ka ga ko bakinsa ya zauna a wurin da aka tanadar a ƙarƙashin motar. In tayoyinka na da noti mai makulli, tabbatar makullin na cikin mota. Da yawa na ɓacewa tun a jirgin ruwa.

Kwalbar ruwan toshe huji da ƙaramin famfo mai aiki da wutar mota suna da kyau a matsayin ƙari. Suna maganin ƙusa a tafin taya, amma ba sa komai ga gefen da rami ya yanke, kuma irin wannan yankan ne ya fi kama mu a nan. Ruwan ma yana da ranar lalacewa a jikin kwalbar. Famfon dai na ba da shawarar kowa ya mallaka, domin sau da yawa ƙusa a hankali take sace iska, kana ƙarawa kana tafiya har ka kai wurin mai faci.

Wa ya kamata ya zauna da ranfilat?

Ba kowa zan ce ya canja ba. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin Accra da Tema, yana yawan dawowa gida da dare, ko dattijo da hajiyar da ba za su iya ɗaga jak ba, in aljihu zai ɗauka, ranfilat ta dace da su. Sharaɗin shi ne fitilar gargaɗin na aiki, kuma in ta kama a rage gudu a nufi shago a ranar, kar a mayar da kilomita 80 ɗin tafiyar mako guda.

Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne ranfilat ta gwanjo. Ba ka san ko wanda ya yi amfani da ita ya yi tafiya a kanta ba iska ba. In dole ta sa, a juya cikinta ka duba. In ka ga garin roba, ko layin tattarewa a gefen ciki, ajiye ta. Tsakanin ranfilat ta gwanjo da sabuwar taya ta gargajiya daga kamfanin da aka sani, ni ta biyun zan ɗauka, in haɗa da tayar ko-ta-kwana.

Ga masu sayar da motoci kuma, roƙona ɗaya ne. In kun cire ranfilat kun ɗaura ta gargajiya, ku gaya wa mai saye, ko ku sa masa taya da jak a but ku ƙara a kuɗin. Shi kuma mai mota, ko yau ka saye ta ko ta shekara biyar a hannunka, fita ka karanta gefen tayarka, ka ɗaga kafet ɗin but. In babu harufan ranfilat a gefen, babu kuma taya a but, to kar ka kama hanyar Arewa sai ka gyara.